Ranar da Muka Kai Kalangu Filin Kwaleji

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, motocin haya na danfo biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu a Agege tun da hantsi. An sha ruwa da asuba, layinmu duk ya caɓe, amma ranar ba wanda ya damu da taɓo. Mama da matan gidanmu suna ta jido kulolin masa da jarkokin zoɓo, abokan sana'ar Baba daga kwata sun wanke hannu sun sha shadda har da turare, Baba Audu makaɗi kuma ya saƙale kalangunsa a hammata yana ɗan taɓa shi a hankali, yara na tsalle a bayansa. Ni kuwa na riga kowa shiga mota, da sabon kitso da lalle, na leƙo da kai ta taga ina yi wa duk wanda ya wuce shela. Iya Bose mai burodi a bakin layi ta tambaye ni da Yarabanci wa za a aurar, na ce mata ba aure ba ne, abin ya fi aure: filin ƙwallon kwalejin su Yaya Isuhu za mu, kuma shi ne zai tsare raga.

Gidanmu gidan haya ne, dogon baranda da ɗakuna suna kallon juna, Hausawa da Yarabawa a cakuɗe, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Baba mahauci ne, sunansa Garba, a Agege aka haife shi kamar yadda aka haife mu, kuma a ƙuruciyarsa ya yi dambe har ya yi suna. Aikina kullum shi ne layin famfo da sassafe, in dawo in taya Mama wanke kayan ciki da kankare ganda, sannan in ruga makaranta hannuna na ƙarnin nama. Da yamma mu 'yan mata mu yi carafke da 'yar gala-gala a baranda, in an kore mu saboda surutu mu tafi bakin layin dogo, inda samarin unguwa ke da filinsu. Ba ciyawa ko ɗaya a filin nan, jar ƙasa ce da tsakuwa, sandunan raga kuma gora ce aka kakkafa. Amma ranar wasa ba ka samun wurin sa ƙafa. Masu shayi, 'yan dako, 'yan okada da baburansu, tsofaffi a kan benci, mu yara a kan katanga, kowa koci ne, kowa alƙali. In jirgi ya taho sai a riƙe ƙwallo, mu yi ta ɗaga wa fasinjoji hannu har ya wuce, sannan a ci gaba. A nan Yaya Isuhu ya koyi tsaron raga, yana faɗuwa kan tsakuwa yana tashi da ƙujewa a gwiwar hannu yana dariya.

Baba bai taɓa taka filin nan ba. A wurinsa wasan maza ɗaya ne, dambe. Ƙwallo kuwa cewa yake, "Ƙarti sun taru suna bin fata guda, fatar da mu muke feɗewa kullum." Ga kuma wani abu: Yaya ɗan fari ne, Baba kuwa mutumin da ne mai alkunya. Tun da nake ban taɓa jin sunan Isuhu a bakinsa ba. "Yaron nan" yake cewa, ko "wancan", in zai ba shi saƙo ma ni yake aikawa, ko da kuwa suna zaune a tabarma ɗaya. Ba ya yabonsa, ba ya kallonsa ido da ido. Mu da muka taso a Legas muna ganin iyayen ƙawayenmu na jan 'ya'yansu a jiki, abin haushi yake ba mu, Yaya kuwa yana cin sa a rai ko da bai faɗa ba. To, a shekarar nan ne Yaya ya samu shiga cikin 'yan wasan kwalejinsu, wata babbar sakandare can wajen Isolo. Muna cikin murna sai Baba ya aiko ni da hukunci: in zangon karatun nan ya ƙare, yaron nan ya rataye takalman ƙwallo, yammacinsa da Asabar ɗinsa na kwata ne.

Yaya bai yi gardama ba, dabara ya nema. Ya ce da Baba zai ga filin kwalejin da idonsa, ya ji taron jama'a na kiran sunan ɗansa, da ya san ƙwallo ba wasan yara ba ce. Ya ba mu labarin filin yadda ya gan shi ranar gasar guje-guje ta shekara: ciyawa shar, kujeru hawa-hawa an yi musu rufi, tutoci na kaɗawa, 'yan badujala, manyan baƙi a rumfa. Ni aka ba aikin yaɗa labari, kuma ba a yi zaɓen banza ba. A layin famfo na ce filin ya fi kasuwar Agege girma. A makaranta na ce akwai fitilun da ke mai da dare rana. Kafin labarin ya isa kwata har an ce Turawa na zuwa daga ƙasar waje su zauna a kujerun nan suna zaɓar 'yan wasa, kuma da ya dawo kunnena ni kaina sai na yarda. Mama ta bi ta tata hanyar, ta yi wa Baba farfesun da yake so, ta ce zuwa ɗaya dai ba zai rage shi da komai ba. Da abokansa suka fara yi masa murna a kwata, sai ya ga ba mafita. Amma ya ce ba a raka ɗan mahauci fage a shiru. Yadda ake zuwa dambe haka za a je, da jama'a da abinci da makaɗi.

Wayyo, tafiyar nan! Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina na bugawa. Tun daga Agege Baba Audu ya saki kiɗa, mata suka ɗauki guɗa. Da yake shatar motar aka yi, kwandasta ba shi da aikin kiran fasinja, sai ya maƙale a ƙofa yana rawa da ƙafa ɗaya a iska. A gosulon Oshodi masu talla suka kewaye mu suna tafi, wani Bahaushe direban tanka ya leƙo daga sama ya ce, "Ina aka nufa haka, 'yan uwa?" Na ce masa da iyakar muryata, "Sitadiyam!" Ya danna mana hon har sai da muka toshe kunne. Baba na gaba kusa da direba, da babbar rigarsa ta salla, na hango yatsunsa na bin kiɗan a kan gwiwa.

Muka shiga ƙofar kwalejin da ihu, muka zagaya bayan ajujuwa, direba ya taka birki ya ce an iso. Na ce masa a'a, ya ƙara gaba, sitadiyam za mu. Ya nuna min da baki. Kujeru hawa-hawan dai ga su nan, na siminti, gansakuka ta yi musu kore, rabin kwanon rufin iska ta yaye. Ciyawa ta kai ƙwauri a gefe ɗaya, tsakiyar filin kuwa kududdufi ne, har da agwagin wani malami suna wanka a ciki. Ba tuta, ba badujala, ba fitila, Bature kuwa ko inuwarsa. 'Yan kallon duka ba za su cika danfo ɗaya ba, su ma ɗaliban kwana ne da aka tilasta wa fitowa, sun takure a ƙarƙashin ragowar rufin, wasu da littafi a cinya, wani malami na zagaya su da bulala. Ashe filin nan sai ranar guje-guje yake cika, ranar da ake masa aski da fenti don baƙi. Yaya, da yake wasansa na farko ke nan da wata makaranta, ya ɗauka ranar wasa ma haka ake yi. Wata ƙawar Mama ta dube ni ta ce, "Jummai, wannan ne ya fi kasuwar Agege?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk da haka muka shimfiɗa tabarmi a kan simintin, aka buɗe kuloli. Baba Audu na taɓa kalangu malamin nan mai bulala ya taho da sauri yana kaɗa hannu, "Oga, no drum, abeg!" Ya ce nan makaranta ce, ba gidan biki ba. Aka ajiye kalangu. Aka hura usur, aka fara wasan da ban taɓa ganin mai sanyinsa ba. Ƙwallo ta faɗa ruwa ta tsaya cak, yara su taru a kanta suna fantsama wa juna taɓo. In an yi abin kirki sai malamin ya ɗaga bulala, ɗaliban su tafa tare su sauke hannu. Yaya ya yi wani tsalle ya ture ƙwallon da ta nufi kusurwa, irin tsallen da a bakin layin dogo sai an ɗaga shi sama an zagaya da shi, amma a nan agwagi kaɗai suka yi magana. Mu ma bakinmu ya mutu, don wurin ya yi shiru kamar asibiti, ka yi tari ma sai ka ji kunya. Bayan hutun rabin lokaci wasa ya koma can ɗaya ɓangaren, aka bar Yaya shi kaɗai tsakanin sanduna, rigarsa sharkaf, kansa a ƙasa, ya kasa ko kallon inda muke. Na san abin da ke ransa: shi ke nan, ƙwallo ta ƙare, sai kwata.

Ina zaune dab da ƙafar Baba, shi ya sa na ga abin da ya faru. Ya daɗe yana kallon Yaya. Ya buɗe baki kamar zai yi kira, ya rufe. Sai ya juya wajen makaɗin ya ce a hankali, "Audu, an bar yaron nan kamar ba shi da kowa. Kira min shi." Baba Audu bai ko dubi mai bulala ba, ya miƙe ya matse kalangu ya saki taken gidanmu, taken da ake yi wa Baba in zai shiga fagen dambe, ya ɗora sunan Isuhu a kai. Wanda bai taso cikin mahauta ba ba zai gane ba. Ɗan mahauci ba ya jin takensa ya tsaya, jikinsa tsima yake, dole ya fito fili ya amsa. Na ga kafaɗun Yaya sun fara rawa. Ya ɗago kai, ya bar raga, ya taho bakin fili wajenmu da hannu ɗaya a sama, ya kwarara kirari: "Sai ni Isuhu na Garba! Ƙofar ƙarfe, a buga a koma!" Muka tashi gaba ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa, Mama ta rufe fuska da mayafi, mahauta na ihu, ɗaliban nan suka watsar da littattafai suka hau kan siminti suna tsalle, ni ina kuka ina dariya. Filin ya zama yadda na yi ta faɗa a layin famfo. Daidai lokacin ne wani siririn yaro na ɗaya makarantar ya hango raga ba kowa, ya ɗaga ƙwallo tun daga tsakiyar fili. Muna kallo ta sauka, ta gangara a hankali cikin taɓo, ta shige.

Da wannan ƙwallon aka tashi wasa. Kocinsu ya yi ta zazzaga wa Yaya Turanci, ya karɓe rigar gola a gaban kowa, ya ce kada ya sake ganinsa a filin. A hanyar dawowa ba kiɗa ba guɗa, Yaya na kujerar baya ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Sai da muka wuce Oshodi Baba ya yi gyaran murya, bai juyo ba, ya ce, "Jummai, gaya wa yayanki ba yaran nan suka ci shi ba, ni na ci shi." Ya ce, "Ki kuma gaya masa wancan ba fili ba ne. Ya riƙe takalmansa. Ranar Lahadi ina zuwa bakin layin dogo in ga inda ake yin abin da gaske." Na juya zan isar da saƙo, na tarar Yaya ya riga ya ɗago, hawaye na bin taɓon fuskarsa. Duk da haka na maimaita masa kalma bayan kalma, don aikina ne.

Baba ya cika alkawari. Ranar Lahadi aka share masa wuri a bencin tsofaffi, kuma daga ranar har ƙarfinsa ya ƙare bai cika fashin wasa ba. Bai taɓa gane mene ne satar gida ba, amma ya fi kowa yi wa alƙalin wasa faɗa. Doka ɗaya ya kafa, wadda samarin unguwa suka yi shekaru suna tsokanar Yaya da ita: ba a taɓa kalangu sai an hura usur na tashi. Yaya bai zama shahararren ɗan wasa ba, ba Baturen da ya zo nemansa, amma ya tsare ragar unguwarmu har ya yi aure, Baba na zaune a bayansa yana cin goro.

Yanzu filin bakin layin dogo ya zama shaguna da katanga, yaran unguwa a gidan kallo suke ƙwallonsu, suna yi wa mutanen da ba za su taɓa jin su ba ihu. Bara ɗana ya ja ni wani babban fili na gaske, mai ciyawa da fitilu da kujerun roba, duk abin da na taɓa ƙirƙira a layin famfo. Na zauna ina jiran ƙirjina ya buga, bai buga ba, rabin mutanen ma wayoyinsu suke kallo. Baba ya rasu, Baba Audu ma haka, Allah Ya ji ƙansu. Yaya Isuhu na nan a kwata da tumbinsa da furfurarsa, kuma in mun haɗu har yanzu yakan ce dogon bakina ne ya ja masa. Na taɓa tambayarsa ko yana jin takaicin ƙwallon nan da ta sa aka ƙwace masa riga. Ya goge wuƙarsa a hankali, ya ce, "Jummai, sau ɗaya Baba ya kira ni a duniya. Da sai in tsaya gadin raga?"

Ni ma a duk filayen da na gani, mai agwagin nan kaɗai nake kewa.