Bakaniken Tudu a Tekun Doha

Matso nan ka zauna, shayin bai huce ba tukuna, ka ji labarin Garzali ɗan Kurna ta Kano, direban wani gida a unguwar Gharrafa.

Kafin ya zo Doha, Garzali bakaniken babura ne. Ya yi acaɓa tun gemunsa bai fito ba, daga baya ya kafa rumfa a bakin titi yana gyara na wasu. Mutum ne da idan babur ya wuce, ba ya ɗaga kai, kunne kawai yake karkatawa ya ce, "Wannan fulogi ne." Da aka hana acaɓa a Kano rumfar ta mutu, ya koyi tuƙin mota, rabo ya kawo shi nan. Ya bar matarsa Haulat da yara huɗu a gida, shi kuma yana kwana a unguwar Najma, ɗaki ɗaya da wani Bazazzagi mai gadi, Dikko, wanda ba ya iya hadiye abinci sai ya tsokane shi.

Kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, Abu Nasir ake kiransa, kuma direbobi biyu gare shi. Korona ta zo, aka yi kulle, motoci suka kwanta, harkar maigida ta ja baya. Da abubuwa suka lafa, sai magana ta fito daga kicin cewa ana gama gasar kofin duniya za a sallami direba ɗaya. Ɗayan direban ya girme shi a gidan, ya kuma iya Larabci kamar a bakinsa aka yanke masa cibi. Garzali ya duba, ya ga ba sai an buga ƙasa ba.

Ana nan, ana saura 'yan makonni a fara ƙwallo, Abu Nasir ya sa aka yaye tamfol a bayan gareji. Sai ga wani tsohon babur ɗin ruwa, tun kafin kulle ba a taɓa shi ba. Ya ce baƙi za su zo masa kallon wasa, yana so ya kai su bakin teku, amma abin nan ko a da can nawa yake yi, a ja totur ya yi ta gurnani ba ya tashi.

Garzali ya ji kalmar babur, sai bakinsa ya riga hankalinsa. "Ni bakanike ne, ranka ya daɗe."

"Ka san teku?"

"Na sani." Bai yi ƙarya ba, yana ganinta ta gilashin mota kullum.

"Yalla, maza ka gyara."

Gaskiya aiki ya yi. Ya juye tsohon fetur da ya koma kamar maɗi, ya kwance kafireta ya wanke ta lungu-lungu, ya canza fulogi, ya cire tiyon mai da suka ruɓe ya sa sababbi. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa farfelar da ke tura ruwa, ya zaro igiyar kamun kifi da ta naɗe ta. Ya jona tiyon famfo don kada injin ya yi zafi, ya tayar. Babur ya yi wata ƙara da ta sa kyanwar gidan haura katanga.

Sai dai babur ɗin ruwa ba ya faɗin gaskiya a tudu. A kan tirela babu nauyin da yake turawa, ko mai ciwo ihu zai yi. Dole a sa shi a ruwa a hau, Garzali kuwa ruwan da ya fi kowane zurfi da ya taɓa shiga shi ne ambaliyar Kurna, iya gwiwa.

Ranar Juma'a ya ja tirela zuwa bakin teku, ya ɗauki Dikko don ya kama masa. Ya sa rigar hana nutsewa, ya nemi ta biyu ya ɗora. Dikko ya dube shi sama da ƙasa.

"Bawana, Umara za ka ta ruwa ne?"

"Riƙe igiya, Bazazzagi, ka bar manya su yi aiki."

Ya yi bisimilla ya hau. To ga inda gizo ke saƙa. Wannan babur ba a murɗa masa totur, wani ɗan ƙarfe ake ja da yatsu a hannun dama, daidai inda birkin gaba yake a babur ɗin tudu. Garzali ya san haka sarai, shi ya shafa wa wayar mai. Amma kai daban, hannu daban. Hannun da ya shekara ashirin yana bin yashin lungunan Kano ya riga ya haddace cewa wanda ya damƙi birkin gaba, haƙoransa ne za su biya. Saboda haka yatsun suka taɓa ƙarfen a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri ya ji ko da zazzaɓi. Babur ya yi ta tafiya kamar agwagwa mai ciki. Shi kuwa idonsa na kan ruwa, bai ga abin da hannunsa ke yi ba.

Ya dawo ya ce, "Har yanzu nawa yake yi."

"Ko nauyin rigunan ne?" in ji Dikko.

Ya sake kwance kafireta. Ya auna ƙarfin injin, lafiya lau. Ya canza matatar mai da ba ta yi laifin komai ba. Wata Juma'ar ya koma, agwagwa dai. Ya fara rama. Haulat ta kira shi a waya ta ce, "Baban Ummi, me ke damunka ne, ko sun fara maganar sallamar?" Ya ce mata aiki ne kawai ya yi yawa.

Gari ya cika da baƙi, tutoci ko'ina, ba ka jin komai a titi sai waƙa da ganga. Abu Nasir ya ce gobe zai zo ya gani da idonsa. Garzali ya shirya jawabinsa tsaf: injin ya tsufa, ya yi iya yinsa, Allah bai nufa ba.

Da hantsi maigida ya iso da baƙinsa biyu, suka tsaya a kan yashi. Garzali ya hau don ya nuna musu ciwon. Ya ɗan yi nisa yana lallaɓawa, sai ga wani jirgin katako ya taho cike da masu kallon ƙwallo, suna tsalle suna kaɗa tuta. Jirgin ya wuce, ya turo igiyar ruwa, babur ya ɗaga hanci sama. Hannun Garzali ya manta haddarsa, ya yi abin da ake yi in mota ta faɗo wa mutum: ya damƙe ƙarfen nan da ya ɗauka birki ne har ƙarshe.

Babur ya zabura kamar an tsikari doki. Yana ƙara tsorata yana ƙara matse birki, birki yana ƙara ba shi wuta. Ya wuce jirgin, mutanen ciki suka ɗauka gaisuwa ce suka yi ta tafi. Ya karya kai don ya nufi tudu, babur ya kwanta ya yanka da'ira, ruwa ya tashi fari fat. Salatin da yake yi har bakin gaɓa ana ji, Abu Nasir ya ce wa baƙinsa, "Kun ga mutumin kirki, yana wasa yana ambaton Allah."

A zagaye na uku wata igiyar ruwa ta cilla shi gefe. Igiyar makulli da ke ɗaure a hannunsa ta fizge, injin ya mutu. Rigunan nan biyu suka ɗago shi kamar gora, yana ta harbin iska, har Dikko ya shigo ya kama shi.

"Miƙe, bawana. Ruwan iya cibiya ne."

Ya fito yana tari. Abu Nasir ya tarye shi ya dafa kafaɗarsa, fuska cike da fara'a. Ya ce tun da ya sayi babur ɗin nan bai taɓa ganin ya yi irin wannan gudu ba.

"Khalas, magana ta ƙare, kai ba ka zuwa ko'ina. Wancan direban ya riƙe motoci har lokacin tafiyarsa. Kai kuma daga yau teku taka ce. Za ka riƙa ɗaukar baƙi ɗaya bayan ɗaya, in an gama ƙwallo kuma ga yara duk ƙarshen mako. Wannan juyin da ka yi, shi za ka riƙa yi musu."

Garzali ya buɗe baki, ya tuna Haulat da yara, ya rufe. Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ɗaya daga cikin baƙin har ya fara cire takalmi.

Dikko ya matso ya raɗa masa, "In kawo riga ta uku?"

To kai da ka ji, Garzali murna za a yi masa, ko jaje?