Wutar da Baba Bai Sha Ba

A shekarun da na zauna a unguwar Utaibiyya, ni ne mutumin da 'yan garinmu ke nema idan sun sauka Makka. Ba wani abin a zo a gani nake da shi ba. Direba ne ni a wani otal, ina kai alhazai Harami ina dawo da su. Amma ina da gidan haya mai ɗaki uku a hawa na biyu, da wani ɗaki guda a kan rufin benen, kuma ina da son a ce da ni mai karamci. Wannan son ya fi ƙarfin aljihuna. Maiɗakina ta faɗa har ta gaji ta zuba mini ido.

Kuɗin wuta a Makka ba ya zama wuri ɗaya. Lokacin sanyi takardar kuɗin, wadda muke ce wa fatura, takan zo da sauƙi. Da zafi ya shigo aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, wato mukayyif, sai ta zo da abin da zai sa mutum ya nemi wurin zama. Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin wani tsari da kamfanin wuta ya fito da shi. Za su duba abin da ka sha a wata goma sha biyu da suka wuce, su raba shi daidai, kowane wata banki ya cire adadi ɗaya daga asusunka. Idan shekara ta zagayo su sake lissafi: in ka sha fiye da abin da ka biya su ɗaga, su ɗora maka cikon, in ka sha ƙasa su rage. Duk ya faɗa mini. Ni dai rabin farko na ji, na je na sa hannu ina murna.

Shekarar nan azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, baƙin umara kuma suka cika mini gida. Ɗan wan babana da matarsa, surukina, abokan surukina biyu da ban taɓa gani ba, da wasu da suka zo da sallahun gaisuwa kawai suka ƙare da kwana ashirin. Mukayyif huɗu ba su huta ba, har da na ɗakin sama. Injin wanki yana juyawa, dutsen guga a jone, butar lantarki ba ta hucewa. Aikin hajji ya zo, wasu suka maye gurbin waɗancan. Kowane wata saƙon banki ya shigo wayata da adadin nan guda, ko riyal ɗaya bai ƙaru ba.

Sai na fassara abin yadda ya yi mini daɗi. Na riƙa nuna wa mutane saƙon a ƙofar masallaci ina cewa su ga albarkar saukar da baƙin Allah: mutum goma sha ɗaya a gida, wuta ko motsi. Wasu suka ce masha Allah. Har yau idan na tuna yadda nake ɗaga wayar nan sai in ji kamar in nutse.

Bayan alhazai sun watse, gari ya fara sanyi, limamin masallacin unguwarmu ya roƙe ni in ba wani dattijo hayar ɗakin sama. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi. Iyayensa Hausawa ne da suka taso aikin hajji a ƙafa ta Chadi suka yi zango a Sudan, can aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Lokacin hajji yana aikin girki a Arfa, sauran shekara yana sayar da asuwaki da turare a kan tabarma kusa da masallaci. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Muka yi ciniki a kan kuɗin haya har da wuta a ciki, tunda mitarmu ɗaya ce. Ya hau da akwatinsa guda da ƙaramin firji.

Wata biyu da zuwansa saƙo ya shigo cewa an ƙara adadin da ake cire mini da kusan rabi. Ina tsaye a bakin mota na karanta shi sau uku. Raina ya ɓaci, kuma nan take na san mai laifi. Shekara guda cur da gida cike da mutane wuta ba ta motsa ba, tsoho ɗaya ya shigo ta tashi. Wane lissafi kuma ake nema?

Ba a tarar dattijo a ce masa yana cutar mutum. Ba haka aka rene ni ba. Abin da na yi ya fi wannan muni. Na jira lokacin da na san ya dawo daga la'asar ƙofarsa a buɗe, na tsaya a matakala, na ɗaga murya kamar da maiɗakina nake magana. Na ce akwai mutanen da idan ba su ke biyan abu ba, ba su san zafinsa ba. Na ce wasu ko a cikin sanyi sai sun kunna mukayyif sun lulluɓa da bargo. Na ce ni ba rijiyar mai gare ni ba.

Maiɗakina ta leƙo ta ce a hankali, "Baban yara, shigo ciki. Ka tabbata kuwa?"

Na ce na tabbata. Daga sama sai na ji ƙarar ƙofa da aka tura a hankali.

Daga ranar, duk ƙarshen wata idan Baba ya kawo kuɗin haya sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, faturar kahraba ta zo?"

"Ta zo, Baba."

"Ta sauka?"

"Tana nan inda take."

Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗayyib," ya hau sama yana dafa bango. Ni kuwa na ɗauki tambayar a matsayin rainin wayo. Mutum ya sha wuta ya ƙoshi, sannan ya zo yana tambayar lafiyarta.

Zafi ya dawo. Wanda ya san Makka ya san ɗakin da ke kan rufi, wanda rana ke duka ta sama da ta gefe tun safe. Adadin bai sauka ba, don haka na ƙara masa kuɗin haya na ce na wuta ne. Ya biya. Wajen nan ne maiɗakina ta gaya mini Baba yakan sauko da ƙaramin kwano bayan azahar ya roƙi ƙanƙara. Ta kuma ce bututun mukayyif ɗin sama, wanda kullum ke ɗigar da ruwa a bangon matakala, ya bushe tuntuni. Na ce wataƙila ya tara bokiti ne don kada a gane. Na ce mai firji kuma me zai yi da ƙanƙararmu, in ban da son banza. Ta dube ni irin kallon da ba na so, ta ci gaba da ba shi.

A ƙarshe na yanke shawarar raba gari. Na ɗauki hutun rabin yini na tafi ofishin kamfanin wuta in nemi a sa wa ɗakin sama mitarsa daban, kowa ya ɗauki kayansa. Ma'aikacin da na samu Balarabe ne mai ƙiba da haƙuri. Na zazzage masa labarin tsoho da mukayyif da Larabcina na direba. Ya saurara, ya danna lambar asusuna, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar wajena. Sanduna ne a jere, kowane wata da tasa, wasu gajeru wasu dogaye.

"Ya ahi, ɗan'uwana, yaushe mutumin ya shigo gidan?"

Na faɗa masa. Ya sa biro a kan watan. Sandar gajera ce. Sai ya ja biron baya zuwa wasu sanduna huɗu da suka kere sauran nesa ba kusa ba.

"Waɗannan fa? Me ya faru a nan?"

Azumi ne da hajjin bara. Ma'aikacin ya ci gaba da bayani. Ya ce ƙarin da aka yi mini daga can ya fito: wutar da na sha a watannin nan ta wuce abin da nake biya, aka bari sai da shekara ta cika aka ɗora mini cikon, aka kuma ɗaga adadin bisa shan bara. Ya ce adadin ba ya canzawa a tsakiyar shekara, ko an kashe komai na gidan, sai lokacin sabon lissafi. Sannan ya nuna mini watannin bana.

"Ka ga, bana ma kuna shan ƙasa da abin da kake biya. Wannan zafin, amma kamar ɗaki ɗaya a rufe yake. Har yanzu kana son mita ta biyu?"

Na ce a bar shi. Ban san yadda na fito daga ofishin ba.

Tsakanin azahar da la'asar na iso gida. Ban shiga wurin iyalina ba, na wuce sama, abin da ban yi ba tun da ya tare. Ƙarfen matakalar ba ya taɓuwa don zafi. Na yi sallama, ya amsa da ƙyar. Yana kwance a ƙasa a kan tabarma, daga shi sai zane, ya jiƙa tawul ya ɗora a ƙirji, kwanon ƙanƙarar nan a gefensa ya zama ruwa. Ɗakin kamar tanda. An rufe mukayyif ɗin da tsohon buhu an ɗaure da igiya, wayarsa a naɗe a rataye da ƙusa. Firjin a buɗe yake, babu komai a ciki sai daurin asuwaki. Ko ƙwan fitila babu a mazauninsa.

Ya yunƙura zai tashi, na ce ya zauna. Na durƙusa a bakin tabarmar.

"Baba, tun yaushe?"

"Mukayyif? Tun ranar da ka yi magana a matakala." Ya goge fuska da tawul ɗin. "Da ma lokacin ban fara kunna shi ba, sanyi ake yi. Na ce to kada in fara. Na ɗauka za ka gani a fatura. Da wata ya ƙare ka ce ba ta sauka ba, na ce to firjin ne, na cire shi. Wani watan ka ce tana nan, na cire fitila. Daga nan ban san me zan kashe ba kuma, ɗana."

Babu zargi a muryarsa. Shi kansa ya yarda laifinsa ne, yana ta neman inda yake. Na gwammace a ce zagina ya yi.

Na yi masa bayanin sanduna da lissafin shekara, ina haɗa kalmomi da ƙyar. Na ce baƙina ne suka sha wutar, kafin ya zo. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini don girman Allah. Ya ce, "Ma'alesh, halas, ya wuce. Ai ba ka ce da ni komai ba." Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ban taɓa ce masa komai a fuska ba, balle ya samu damar cewa ba shi ba ne.

Na kwance buhun da hannuna, na jona wayar, na kunna. Na'urar ta yi tari ta kama, iska mai ƙura ta fito kafin sanyin ya biyo. Na ce daga yau kada ya ƙara kashewa, kuma ƙarin da na yi masa zan mayar. Ya yi godiya. Sai ya ce ai ya riga ya yi magana da wani abokin aikinsa na Arfa da ke unguwar Zahir, akwai ɗaki a ƙasa mai inuwa, ƙarshen wata zai koma. Na roƙe shi ya zauna ko kyauta ne. Ya ce ya ba mutumin alkawari.

Na yi masa sallama na fito. Ban kai rabin matakala ba na ji ƙarar mukayyif ɗin ta tsaya.

Ƙarshen wata ya tafi da akwatinsa da firjinsa. Ni na kai shi a mota, muna tafe yana nuna mini inda gidajen da ya sani suke kafin a rushe. Kuɗin da na ƙara masa na sa a ambulan na tura cikin aljihun rigarsa. Washegari limamin ya kawo mini ambulan ɗin, ya ce Baba ya ce na manta kayana a wurinsa. Na je Zahir sau biyu. Ya karɓe ni da shayi da fara'a, bai bari maganar ta taso ba.

Da shekara ta cika saƙon sabon lissafi ya shigo. An rage adadin sosai, har an ce ina da rarar da za a cire mini daga watanni masu zuwa. Muna cin abinci na karanta. Maiɗakina ta ga fuskata ta tambayi ko lafiya. Na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta ajiye ta a kan tabarma a kife.

"Ta sauka ke nan," in ji ta.

Na ce ta sauka. Wata bakwai Baba yana tsayawa a ƙofata yana jiran wannan amsar. Na tsame hannuna daga kwanon, abincin bai ƙara shiga ba.