Simintin da ya zama kujerun ƙofar gidanmu

Shekarun baya, a daminar da sojoji suka koma bariki, na ƙudura zan gina wa mahaifiyata ɗaki a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, don nata na ƙasa ya fara yoyo. Ni da abokina muka haɗa kai muka ɗauki babbar mota guda daga Kaduna, ni da siminti, shi da katako da kwanon rufi na gidansa a Daurawa.

Wajen lodi na nuna iyawa. Tunda a gidanmu za a fara saukewa, na ce a tura katako ciki, a jibge simintina duka a baya. Direban ya ce, "Malam, ba haka ake lodi ba." Na ce masa na yi lissafi, kayan ba su kai abin da doka ta yarda ba. Ya kalle ni kawai, ya tayar da mota.

Kafin wata gada aka tare mu, aka ɗora motar a kan sikeli. Jami'in ya ce tayoyin baya sun wuce ƙa'ida.

Na ce, "Yallaɓai, duba jimillar nauyin mana!"

Ya ce, "Malam, gada ba jimilla take ji ba. Abin da kowane jerin taya ya danna mata shi take ji. Ku raba kayan, ko ku kwana nan."

Na yi magiya, na yi Turanci, har na ce ai yanzu mulkin farar hula ake. Ya ce gadar ba ta ji labari ba. Raina ya ɓaci matuƙa, musamman da direban ya koma gindin bishiya yana sakace.

Sai da muka sauke buhu ashirin a ƙasa don a jawo katakon, sannan hadari ya taso. Tamfal ɗin da za a rufe simintin da shi yana can ƙarƙashin kwanon rufi, inda ni da kaina na sa a cusa shi. Haka ruwa ya sauka a kan buhunan.

Ɗakin bai samu ba sai bayan damina. Haka mahaifiyata ta ƙarasa daminar tana tara robobi a tsakar ɗaki, kuma wannan ne har yau yake ci mini rai. Tun daga nan, in mai sana'a ya ce ba haka ake yi ba, nakan rufe bakina.

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Buhunan da suka daskare ta sa aka jera mata a ƙofar gida, ana zama a kai. Duk baƙon da ya tambayi inda aka samo su, sai ta nuna ni ta ce, "Ga injiniyan nan, ku tambaye shi."