Farantan da na lanƙwasa a kasuwar Gazawa

Shekarun baya, ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, buhun gyaɗa goma sha biyu da sa guda su ne duk jarina. Wani abokina na Gangara ya so in zuba su a wasu farantai da ya shigo da su daga ƙetaren iyaka, mu raba riba.

Farantan na ƙyalli kamar azurfa, amma ba nauyi. Cikinsu wani abu ne kamar ƙaro da aka cuɗa da zare, ƙarfen kuwa shafe ne kawai a bisa. Ni ba na sayen abin da ban gwada ba. Na karce guda da wuƙa, bai tashi ba. Na shanya shi a rana na watsa mai ruwan randa, ya jure. Na kai wa mahaifiyata, ta dirje shi da toka, ta miƙo mini.

"Wanki uku, zai koma ƙwarya," in ji ta.

Ranar kasuwa, gaban rumfata, na ɗora shi a gwiwa na lanƙwasa. Shafen ya tsattsage, ya ɓare kamar ɓawon albasa. Mutane suka yi dariya.

Abokina ya duƙa ya tsince ɓaraguzan. "Malam, da ka kira ni bayan rumfa. Kaya ka gwada ko ni?"

Na ce kaya. Ya ɗaure kwandonsa ya tafi.

Kafin damina ya sayar da su kaf, daga Agiye har Gidan Rumji. Ashe mata ba ci za su yi a ciki ba, jere suke yi da su a bangon ɗaki. Ba mai wankewa, ba mai lanƙwasawa. Ni gwanin gwaji ban tambayi mace ko guda me za ta yi da faranti ba. Ƙanwata ma ta sayi huɗu.

Har yau ina gwada kaya, sai dai nakan fara tambayar mai saye, kuma ba na yi gaban jama'a. Ribar da ta wuce ni na mayar da ita cikin shekara biyu. Abokina kuwa, mun ci gaba da gaisawa har Allah Ya yi masa rasuwa, amma bai sake kawo mini ko allura ba.