Yadda Na Sa Surukina Ya Ɗauki Cikin Wata Biyar

Shekarun baya, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Haɗeja, abokina ya zo mini da aiki. Ya rubuta wata manhaja don wani likitan dabbobi da ke zagaya rugagen wajajen Kirikasamma. Idan likita ya yi wa dabba allura ko ya duba ta, sai manhajar ta tura wa mai dabbar saƙo a waya. Matsalar ita ce saƙonnin duk da Turanci suke, ƙungiyar makiyaya kuwa ta ce in ba za su zo da Hausa ba, a bar maganar.

"Kai ne malamin Hausa," in ji shi. "Ga fayil. Ƙarƙashin kowane layin Turanci akwai fili, ka cike."

Ya nuna mini wani baƙin allo a kwamfuta, wanda babu hoto babu komai, sai rubutu. Ya ce in na gama, in rubuta wani umarni mai suna msgfmt tare da sunan fayil ɗin, shi zai dunƙule fassarar ta koma abin da manhaja za ta iya karantawa. In akwai kuskure zai yi magana, in babu zai yi shiru. Daga nan ya tafi Kano bikin ƙanwarsa, ya bar ni da kwamfutar.

Kwana uku ina fassara, ina jin kaina. A cikin layukan na yi ta cin karo da wata alama, %s, wani wurin ma har biyu. Na duba, ba Turanci ba ce, ba Hausa ba ce. Na ɗauka datti ne, na bi duk na share. Da na buga umarnin, sai allon nan ya cika da ƙorafi, layi kaza bai dace ba, layi kaza bai dace ba, kamar ni ne ɗalibin shi ne mai jan biro.

Na kira abokina, ina jin kiɗa a bayansa.

"Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Shara kawai na yi."

"Inna lillahi! Malam, waɗannan gurabe ne. A nan manhaja take saka sunan mutum da sunan dabba. Mayar da su!"

Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na sake buga umarnin. Shiru. Wallahi har tafa wa kaina na yi. Na tura masa, shi kuma yana tsakiyar hidimar baƙi ya ɗora a wayar likita ba tare da ya gwada ba.

Abin da ban sani ba shi ne, manhaja bi da bi take cike guraben. Bature yana fara ambaton mai dabba, sannan dabbar. Mu kuwa dabbar muke farawa da ita, mu ce saniyar wane. Ni na gina jimlata a kan Hausa mai kyau, ita kuma ta ci gaba da zuba sunan mutum a gurbin farko.

Cikin waɗanda likita ya fara ziyarta har da mahaifin matata, dattijo mai kunya da kamun kai, wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ba ya karatun boko. Ranar kasuwa saƙo ya shigo, sai ya miƙa wa mai cajin waya ya karanta masa, ga mutane cike da rumfa. Mutumin ya gyara murya ya karanta:

"An duba Alhaji wane, mallakin saniya. Akwai cikin wata biyar. A rage masa doguwar tafiya, a ƙara masa dusa."

An ce wani mai sayar da kifi sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Ba shi kaɗai ba ne. Ardo, shugaban makiyayan, shi ma ya samu nasa, wai an ba shi maganin tsutsar ciki, kada a sha nononsa sai bayan kwana uku. Kafin la'asar ƙungiya ta aiko wa likita cewa a kashe wannan abin, ba a kawo shi don a ci mutuncin manya ba. Abokina ya kira ni, ya ce aikinsa na wata shida ke nan zai bi ruwa. Gyaran fayil ɗin bai kai minti goma ba. Ashe lamba ake sa wa kowane gurbi, a ce wannan na biyu ne, wannan na farko, sai a sake dunƙulewa. Gyaran zuciyar dattawa ne babu umarninsa.

Matata ta ce, "Ni dai ba zan je ba wa Baffa haƙuri ba. Wanda ya rubuta shi zai je."

Damina ce, hanya ta yanke, sai da na hau kwalekwale muka yi ta kutsawa cikin ciyawar kachala. Na sami surukina a gindin tsamiya da ardo da wasu dattawa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa.

"Baffa, kuskuren nan nawa ne, ba na likita ba, ba na abokina ba."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Malam, an ce Hausa kake koyarwa?"

"E, Baffa."

"To, Allah ya taimaki yaran nan."

Ardo ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Na fito da waya na karanta musu gyararrun saƙonnin, kowanne da sunan mai shi, suna gyara mini wasu kalmomin da suka ce ba haka makiyayi yake faɗa ba. A ƙarshe suka yarda a ci gaba.

Bayan wata huɗu, matata ta dawo daga ganin gida tana danne dariya. Ta ce Baffa ya ce a gaya mini ya sauka lafiya, an samu ɗan maraƙi, kuma nawa ne, tun da ni na fara sanar da duniya.

Har yau ina irin wannan fassarar, kuma har yau baƙin allon nan yakan yi shiru in na buga umarni. Sai dai na daina murna da shirunsa, don shi guraben kawai yake ƙirgawa, bai san waye Alhaji ba, bai san wace ce saniya ba. Yanzu kafin in tura kowane saƙo, nakan saka sunan mutumin da na fi jin kunya a duniya, in karanta da ƙarfi. In na iya kaiwa ƙarshe ban yi gumi ba, to fassara ta yi.