Ranar da Baba Ya Shiga Teku

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa motar wani gida a Abhur, unguwar bakin bahar, wato teku. Ba zan faɗi adadin daidai ba, domin shi da shekarun Hijira yake ƙirgawa, ni kuma ban tantance ba. Da idonsa ya fara gajiya da hasken titi, kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yi masa alheri: ya ce ya ajiye tuƙi, ya koma wani ɗaki a bakin ruwa cikin unguwar da gidan yake, ya riƙa duba gadar katakon da ake ɗaure ƙananan jirage, iƙamarsa, takardar izinin zama, kuma ta ci gaba. In ba haka ba, sai komawa Sudan, inda ba shi da ko bango.

Masu kula da unguwar suka aiko da takarda, a cike kafin azahar ɗin Alhamis. Ni aka miƙa wa, tunda ban daɗe da gama jami'a ba, kuma ni zan sa hannu a matsayin shaida. Muna zaune a ɗakinmu na haya a unguwar Khumra, ina karantawa yana amsawa, har muka iso wani sharaɗi da aka ja wa layi: shin mai zama a bakin ruwa ya iya iyo?

"Rubuta eh," in ji shi.

"Baba, kun taɓa shiga ruwa?"

"Shekara nawa ina kai mutane bahar?"

"Kuna kai su, kuna jiransu a mota."

Ya juyo gare ni. "Digirin da ka yi, na hana ubanka ɗaki ne?"

Na so a ce tsoron kada ya faɗa ruwa ne ya tsayar da ni. Gaskiyar ita ce wannan tunanin daga baya ya zo. Da farko hannuna ne kawai ya ƙi rubuta abin da na san ba haka yake ba. Na ajiye alƙalami. Kwana biyu bai yi mini magana ba sai amsa sallama, takardar tana kan firij, kowa yana kauce mata da ido.

Ranar Talata, bayan sallar asuba, ya naɗe tsohon wando a leda ya ce, "Yalla, mu tafi."

A bakin gadar muka tarar da wani tsohon masunci, abokinsa tun Sudan, wanda ya riga shi komawa bakin ruwan da zama. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya har da tari.

"Direba, wannan titin fa ba shi da birki."

"Kai dai riƙe bakinka, ka riƙe igiya."

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Ranar nan bai yi komai ba sai shan ruwan gishiri da rungumar turken gada. Na ga furfurar ƙirjinsa, na kuma san ni na sa shi a ciki. Ranar Laraba ya iya kwanciya a kan ruwa, amma da zarar igiya ta yi sako-sako sai ya nemi ƙasa.

Da safiyar Alhamis na tambayi masuncin mene ne za a kira iyo, domin takardar ba ta fayyace ba.

"Daga wannan turke zuwa wancan, ba igiya. Halas, shi ke nan."

Baba ya kwance ta da kansa. Ya yi bismilla, ya saki turken. Rabin farko ya tafi yana dukan ruwa kamar mai kashe wuta. A tsakiya kansa ya nutse. Ban san tsawon lokacin ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na san dai na riga na cire takalmi ɗaya, masuncin ya damƙe mini hannu ya ce, "Ba shi numfashi ɗaya." Sai kan ya fito, hannu ya miƙa, ya kama turke na biyu.

Ina jin kunyar abin da na tambaya bayan nan, amma na tambaya: ko ƙafarsa ta taɓa ƙasa? Masuncin ya ɗauki doguwar gora, wadda ta fi Baba tsawo, ya zura a wurin har ta ɓace.

A kan gadar na rubuta eh, Baba yana zaune yana haki, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

Yanzu can yake. Yana shan shayi da masuncin a ƙofar ɗakinsa, yana yi wa masu jirage faɗa a kan ɗaurin igiya, kuma kullum bayan asuba yana shiga ruwa. Makon jiya ya kira ni ina wurin aiki.

"Malam mai shaida, alƙalaminka yana kusa?"

"Yana kusa, Baba."

"To rubuta: turke huɗu."