Man Da Na Shafa A Kan Dashen Fatata

A wancan lokacin ina da shagon man shafawa a Kasuwar Sabon Gari, kuma ina ji da fuskata ƙwarai. Wata rana ina zuba wa janareta fetur yana kunne, wuta ta tashi ta cinye mini kunci da gefen wuya. Bayan doguwar jinya, likita ya yanko fata daga cinyata ya dasa a wurin. Ya yi mini bayani cewa a cikin jini akwai wasu ƙwayoyi masu tsaron jiki, su ne za su taru su kwashe mataccen nama, su kori cuta, su taimaka har sabuwar fatar ta kama. Ya ce ja da ɗan kumburin da zan gani alama ce suna aiki, kada in shafa komai sai abin da ya ba ni.

Na koma ɗakina a Rijiyar Lemo na rufe ƙofa. Abokan kasuwa suka yi ta sallama har suka gaji suka daina zuwa. Yayata kaɗai ke kawo mini abinci, ita ma ta bayan labule nake miƙo hannu in karɓa. Kullum da safe sai in ɗauki madubi, in ga jan nan yana nan. Akwai wani mai da na daɗe ina sayar wa mata, mai kwantar da ja da ƙuraje. Na shafa a ɓoye. Jan ya kwanta, na yi murna ni kaɗai, na ƙara lafta shi. Ba a jima ba gefen fatar ya soma baƙi, yana ruwa, yana wari.

Yayata ce ta ji warin, ta ɗaga labulen, ta ce ko in tashi ko ta kira maƙwabta su ɗauke ni. Likita bai yi mini faɗa ba. Ya jujjuya kwalbar, ya ce sinadarin da ke ciki kashe wa ƙwayoyin nan ƙarfi yake yi.

"Malam, masu gadin ka sallama, ka bar gida a buɗe."

Fatar ta mutu. Aka sake yanko fata daga ɗaya cinyar aka dasa, tabon kuma ya fi na farko faɗi.

Yanzu na gane da na bar ko mutum ɗaya ya zauna kusa da ni, da ya riƙe mini hannu. Wanda aka yi wa irin wannan aiki, don Allah ya haƙura da munin kwanakin farko, ya bar jikinsa ya yi aikinsa, kada kuma ya yi jinya a kulle.